Yaƙi ya ƙare, an ce Peggy ta kawo kafe

Masu karatu, ga wani wasan talabijin na Amurka, Agent Carter, da aka nuna a 2015 da 2016. Hayley Atwell ce ta fito a Peggy Carter, ƴar leƙen asiri.

Labarin ya soma a Niyok a 1946. Peggy ta yi yaƙin duniya na biyu tare da soja. Da maza suka dawo gida, sai aka bar ta da ɗaukar talho da kawo kafe. Da dare take fita bincike a ɓoye, don ta wanke Howard Stark daga zargin sayar wa abokan gaba makamai.

Nan daɗin wasan yake. Rainin da ake mata ya zame mata mafaka, ba mai sa mata ido. Amma kashi na biyu ya yi sanyi, ya cika zancen wa za ta so.