Ƙin Masoyi Ma Yana da Ladabi

A majalisun samarin Rafin Guza da Kawo, kalmomi uku sun zama ruwan dare: rijektin, bulokin da birekfas. Dukansu aro ne daga Turanci, dukansu kora suke nufi, amma kowacce da zafinta. Rijektin shi ne budurwa ta katse kiranka tun yana shiga. Bulokin ya fi shi ciwo: ta toshe lambarka a WhatsApp, saƙonka ya maƙale a hanya. Birekfas kuwa asalinta karin kumallo ne, amma yanzu tana nufin rabuwar da ke ƙona zuciya. Daga kudu ta zo mana, waƙar Last Last ta Burna Boy ta ƙara yaɗa ta a 2022.

Hausa ta ari mota da asibiti, ba ta ragu da komai ba, don haka aron bai dame ni ba. Damuwata ita ce yadda waɗannan kalmomi suka mayar da wulaƙanci abin raha. Wanda zai ji nauyin cewa "na ci amanarta" yana iya cewa "na ba ta birekfas" abokai na shewa.

Iyayenmu sun iya ƙi. Yaron da aka aika sallama da budurwa zai fito ya ce wai tana aiki. Aka yi haka sau biyu, mai hankali ya gane. In magana ta kai ga manya, baffa ne zai ce an riga an yi mata miji, Allah ya haɗa kowa da rabonsa, a mayar da kayan toshi. Saurayi ya tafi da ciwonsa, amma gobe zai iya gaida mahaifinta a masallaci.

Waccan hanya ma tana da aibi. Akwai kora da hali, akwai yarinyar da kunya ta hana ta magana har aka ɗaura aure, alhali Musulunci ya ba ta damar ƙin wanda ba ta so. Mai naci da mai zagi kuwa, bulokin ne maganinsu.

Amma wanda ya zo da mutunci, a sallame shi da mutunci. Samari da 'yan mata, in ba ku so, ku faɗa da bakinku, ku faɗa da wuri. Unguwa ɗaya muke, biki da jana'iza za su sake haɗa mu.