Ƙwallon Gora Ta Ƙanƙara: Gasar Da Gwanaye Ba Sa Cika Zuwa

Wasa ne na ƙasashen sanyi. Mutum shida-shida a kan daskararren ruwa, kowa da takalmi mai kaifin ƙarfe da gora a hannu, ana kora ɗan faifan roba zuwa raga, zagaye uku na minti 20. An kafa hukumarsa ta duniya a Faris a 1908, ya shiga gasar Olamfik a 1920, Kanada ta lashe. Daga 1930 aka soma gasar duniya ta shekara-shekara.

Tun farko akwai tsutsa a goron gasar nan. Dokar lokacin ta hana 'yan wasan da ake biya albashi shiga, alhali gwanayen Kanada duk suna ƙungiyoyin NHL, gasar ƙwararru ta Kanada da Amurka, suna cin abinci da wasan. Tarayyar Sobiyet kuwa, da ta shigo a 1954 ta ɗauki kofi nan take, ta rubuta nata gwanayen a matsayin sojoji da ma'aikata, alhali ba su da aiki sai atisaye. Ta ci kofin sau tara a jere, daga 1963 zuwa 1971. Kanada ta ji haushi ta janye a 1970, sai 1977 ta dawo.

Shi ya sa karawar Kanada da Sobiyet ta Satumban 1972 ta fi duk kofunan nan nauyi a wurina. Wasa takwas aka shirya, kowace ƙasa da zaratanta. Mutanen Kanada sun zaci cin tuwo ne, sai ga shi an lallasa su 7 da 3 a wasan farko a Montreal. Da ƙyar suka tsira a Mosko, inda Paul Henderson ya jefa ƙwallon nasara saura daƙiƙa 34 a tashi. A ranar ne kowa ya san matsayinsa.

Mutumin Jahun da ya saba kallon kokawa bayan kaka ya san wannan: in gwanin wani gari bai zo fage ba, wanda ya yi kaye ba ya cika baki. To har yau ana yin gasar duniyar ne a watan Mayu, daidai lokacin da NHL ke wasanninta na ƙarshe, don haka manyan 'yan wasa da yawa ba sa zuwa. Hatta Olamfik ta 2018 da ta 2022 ƙungiyoyin ba su saki kowa ba. Wannan zalunci ne ga masu kallo.

Amma ƙananan ƙasashe ba su raina gasar ba. A 1969, watanni bakwai bayan tankokin Sobiyet sun shiga Cekoslobakiya, 'yan wasanta suka doke Sobiyet sau biyu a Stockholm, jama'a suka cika titunan Prague. A 2023 Latbiya, mai mutanen da ba su kai miliyan biyu ba, ta ci Amurka 4 da 3 ta zo ta uku, majalisarta ta zauna cikin dare ta ba da hutu washegari.