Tarkon Ɓeran Behe da Tsohuwar Hujjar Tsari

Tun ranar 20 ga Disamba 2005, da Alƙali John Jones ya yanke hukunci a shari'ar makarantun garin Dover na jihar Pennsylvania a Amurka, masu suka ke cewa an yi jana'izar hujjar tsari, wato cewa tsarin duniya shaida ne ga Mai tsarawa. Sun yi gaggawa. Abin da alƙalin ya kora daga ajin kimiyya reshe ne guda, wato da'awar cewa ana iya gano hannun Mai tsarawa da gwajin ɗakin bincike. Uwar hujjar ta girmi kotun da ɗaruruwan shekaru.

Tarihin gajere ne. A 1802 William Paley ya ce wanda ya tsinci agogo a dawa ya san akwai maƙerinsa. A 1859 Darwin ya nuna yadda zaɓin yanayi ke iya samar da abin da ya yi kama da ƙira. Bayan Kotun Ƙolin Amurka ta hana koyar da aƙidar halitta da sunan kimiyya a 1987, sai tafiyar ta sake riga: lauya Phillip Johnson ya ƙalubalanci ƙa'idar da ta hana kimiyya neman dalili a wajen duniyar da ake iya aunawa, cibiyar Discovery ta Seattle ta ba su masauki, Michael Behe na Jami'ar Lehigh kuma ya zo da makami mafi kaifi a littafinsa na 1996.

Makamin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a fagen muhawara ba a cika samun irinsa ba. Behe ya ajiye tarkon ɓera a gaban mai karatu: katako, sifirin, ƙarfen duka, sandar da ke danne ƙarfen, da maƙalin da ke sakinta. Ya ce a cire ɗaya a gani. Tarko marar sifirin ba ya kama rabin ɓera, ba ya kama komai. Daga nan ya wuce zuwa wutsiyar bakteriya, wadda ke juyawa kamar farfela, da furotin iri kusan 40 a lissafinsa. In dai sai dukkansu sun haɗu take aiki, ina matakan da juyin halitta ya bi, alhali shi ba ya ajiye abin da bai da amfani a yau don gobe?

Gwanintar tana cikin tsarin zancen. Ya ba mai karatu gwajin da zai yi da hannunsa, ya kuma ɗauko ƙalubalen daga bakin Darwin kansa, wanda ya yarda cewa ƙa'idarsa za ta rushe in aka sami gaɓar da ba za ta samu ta ƙananan sauye-sauye ba. Masu cewa wa'azi ne kawai aka sa wa rigar likita ba su karanta littafin da kyau ba.

Sai dai gwajin yana da ɓoyayyen sharaɗi: ya ɗauka cewa kowane sashe tun farko aikin da yake yi yau aka yi shi dominsa. Nan Kenneth Miller na Jami'ar Brown, wanda shi ma mai imani ne ɗan ɗarikar Katolika, ya kama shi. Ya cire sassa daga tarkon ya maƙale nektayinsa da abin da ya rage. Ya kuma nuna cewa furotin kusan goma na gindin wutsiyar suna da 'yan'uwa a wata allura da bakteriyar annoba ke tsira wa ƙwayoyin jiki guba da ita. Mutanen Behe sun ce wataƙila allurar ce ta fito daga wutsiyar. Ko da hakan ne, an ga ɓangare yana aiki shi kaɗai. Rushe abu ta cire sashensa ba ya faɗin yadda aka gina shi; wanda ya ga dakin ya bushe ba zai ga katakan da kafinta ya kwashe ba. Hermann Muller ya yi bayanin wannan tun 1918: sashen da ya shigo a matsayin ƙari yana iya zama dole daga baya.

A nan ne tsofaffin malamai suka fi na Seattle wayo. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya gina dalilin inaya, wato kulawar Mai tsarawa da halitta, a kan abin da kowa ya sani: dacewar dare da rana, ruwa da ƙasa, da gaɓoɓin jiki, da rayuwar ɗan Adam. A wurinsa musun sababi raunana hujjar yake yi, domin hikimar Mai tsarawa a cikin sababan take bayyana. Kowane sabon bincike ƙari ne ga irin wannan hujja. Ta Behe kuwa a kan abin da ba a gano ba tukuna ta tsaya, don haka duk takardar da ta fito daga ɗakin bincike tana rage mata fili.

Masanan halitta sun yi daidai da suka ƙi karɓar gwajin tarko a matsayin kimiyya. Har sashen Behe a Jami'ar Lehigh ya fito fili ya nesanta kansa da ra'ayinsa. Amma wanda ya ɗauki hukuncin Dover a matsayin amsar tambayar ko duniya tana da Mai tsarawa ya ɗora wa alƙalin abin da bai faɗa ba. Wannan tambaya ta falsafa da tauhidi ce, kuma a can Ibn Rushd ya fi Behe ƙarfin hujja.