A bar likita ya duba wayarsa

A bencin jiran ganin likita ana yawan jin ƙorafin cewa likitocin yanzu ba su san aiki ba, wai sai mutum ya gama zayyano ciwonsa su zaro waya su kama latse-latse. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da wanda ya tsaya ya duba kafin ya rubuta magani, a kan wanda ya dogara da hadda kaɗai.

Dubawar ba yau aka fara ta ba. Tun 1949 likitocin Birtaniya suke da kundin magunguna na BNF, mu ma a Najeriya EMDEX ya daɗe a kan teburin masu ba da magani. Kundin ne kawai ya koma aljihu, kuma manhaja ana sabunta ta, alhali littafin da ke cikin durowa yana nan yadda aka buga shi.

Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro, artemether-lumefantrine, wanda kusan kowane gida ya sani. Da nauyi ake ba da shi: yaro mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya, mai 15 zuwa 24 biyu, mai 25 zuwa 34 uku, daga 35 zuwa sama huɗu, sau biyu a rana har kwana uku, tare da abinci mai maiƙo ko madara. Wannan lissafin na ƙwaya mai ƙarfin 20/120 ne. Akwai kuma mai 80/480 a kasuwa, wadda ɗaya take daidai da huɗu. Ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a tsaye, ga layi har bakin ƙofa, laifin me ta yi idan ta ɗauki daƙiƙa talatin ta tabbatar? Haka matar da aka ɗora a kan rifampicin saboda tarin fuka, tana kuma shan ƙwayar tazarar haihuwa. Na farkon yana rage ƙarfin na biyun, kuma manhaja mai duba karon magunguna za ta nuna hakan nan take.

Sai dai ba kowace manhaja ce ta san mu ba. Medscape da Epocrates don Amurka aka gina su, sunayen kasuwa da shawarwarinsu na can ne. Wanda ke aiki a asibitin karkara ya fi buƙatar jagorar ƙungiyar MSF, wadda ke buɗewa ko babu intanet, da littafin AWaRe na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da Greenbook na NAFDAC don sanin ko magani yana da rajista.

Abin da ya fi damuna shi ne mai kemis da ya sauke manhaja ya ɗauka ya zama likita. Manhaja tana faɗin adadi ne bayan an gano ciwo. Ba ta gwada jini, ba ta taɓa cikin yaro. Kuma duk jadawalin nauyin nan aikin banza ne a wurin da babu sikeli, inda ake kallon yaro a ce "zai kai shekara uku".

Su kuma likitoci, akwai gyara a wajensu. Shirun da suke yi suna kallon waya shi ke haifar da zargi. Uwar da aka ce wa "Hajiya, bari in tabbatar da adadin da ya dace da nauyinsa" ba za ta fita tana cewa likita yana hira a WhatsApp ba.