Gwamnati da Kasuwar Littafin Hausa: Daga Mai Shuka zuwa Mai Gadi

Duk lokacin da aka tayar da zancen tallafa wa sana'o'i da bunƙasa ciniki, hankali kan karkata ga noma da masaƙu, a manta cewa littafi ma haja ne. Yana da mai samarwa, da ɗan sari, da mai saye. Tarihin ƙagaggen labarin Hausa kuwa shaida ne cewa manufar gwamnati kan shafi sigar adabi kanta, har ta ƙayyade abin da za a rubuta da wanda zai karanta.

A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan hukumar NORLA ta zo tana ciyar da Yaƙi da Jahilci da abin karantawa, kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966. Ƙarfin wannan tsari shi ne hukuma ta riƙe igiyar tun daga gyaran rubutu har zuwa rarraba littafi. Rauninsa kuma daga nan ya fito: da yake makaranta ce babbar mai saye, sai aka riƙa ɗinka labari daidai wuyan aji. Ba a ji muryar mace sosai ba sai da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980 ta hanyar gasar NNPC.

Shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 ya sauya lissafin. Darajar Naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku suka durƙushe a shekarun da suka biyo baya, manyan maɗaba'u suka koma kan littattafan makaranta. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka ɗauki nauyin buga ayyukansu da kansu, aka samu abin da manazarta suka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano.

An sha sukar waɗannan littattafai da kurakuran rubutu da jan labari zuwa kashi biyu ko uku. Sukar tana da tushe, amma ta tsaya a rabin hanya. Marubucin da ba shi da jari dole ya sayar da kashi na ɗaya kafin ya buga na biyu, don haka yake yanke labari a inda zuciyar mai karatu ta rataya. Wanda kuma bai iya biyan edita ba, kuskurensa zai fita kasuwa tare da shi. Abin da ake ɗauka aibin salo ne, sau da yawa tabon rashin jari ne.

Da gwamnati ta waiwayi wannan kasuwa, da sanda ta zo. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, ikonta ya kai ga littattafai, a 2007 kuma aka ƙona wasu a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Al'umma na da haƙƙin kula da abin da 'ya'yanta ke karantawa, sai dai hukumar da ta tace ba ta tallafa ba ta ɗauki rabin aikinta ne kawai, kuma rabin da ya fi sauƙi.

Yau labarin ya koma waya, ana sayar da shi ta WhatsApp, ana kuma kwafe shi kyauta kafin marubuciya ta mayar da kuɗin wahalarta. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana nan, aiwatarwa take jira. Tallafin da zai yi tasiri a bayyane yake: sauƙaƙa harajin takarda, sanya ɗakunan karatu na jihohi su riƙa sayen sababbin littattafan Hausa, horar da editoci, da hukunta masu satar fasaha. Marubutan Kano sun riga sun tabbatar da cewa akwai masu saye. Abin da ya rage wa gwamnati shi ne ta ɗauki littafi a matsayin sana'ar da iyalai ke ci da ita, ta ba shi kulawar da take bai wa shinkafa da auduga.