Hikimar Amshi a Zabura 136

Wataƙila kana cikin masu motsa leɓe kawai a lokacin sujada, don gudun kada na kusa da kai ya ji muryarka. Buɗe Zabura 136. Ayoyinta 26 ne, kowace kuwa tana ƙarewa da amshi guda, mai shaida madawwamiyar ƙaunar Ubangiji. Mai karanta ta shi kaɗai zai iya cewa maimaicin ya yi yawa, amma bai yi mata adalci ba, gama tsarinta na bakin taro ne. Mai ba da waƙa ke ɗauke da labarin halitta da na fitowa daga Masar. Rabon jama'a gajeren amshi ne, wanda yaro da tsohuwa za su riƙe tun aya ta uku.

Ezra sura 3 ta nuna irin wannan waƙa a aikace. Da aka aza harsashin Haikali, sowar murna ta gauraye da kukan dattawa har aka kāsa rarrabe su. Inda kuka ma ya ɓace cikin taro, wa zai tsinci gargadar muryarka?

Saboda haka ikkilisiyar da ta bar yabo ga 'yan kwaya da lasifika ta mai da 'ya'yanta 'yan kallo, ta kuma ƙara wa mai kunya kunya. Zumuntar mata ba ta saki amshi ba. Mu koya daga wurinta. Ran Lahadi, in an ba da waƙa, ka amsa.