Gurbin Harshe a Shirin Sarrafa Bayanai: Tsokaci a Kan Littafin Ward da Peppard

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin tsokaci a kan littafin nan mai suna Strategic Planning for Information Systems, wanda aka fara bugawa a 1990, kuma John Ward da Joe Peppard na makarantar koyon gudanarwa ta Cranfield da ke Ingila suka fitar da bugunsa na uku a 2002. Littafin yana koyar da yadda ma'aikata, kamfani ne ko hukuma, za ta yi wa tsarin sarrafa bayananta shiri na dogon zango. Mai yiwuwa a ce me ya haɗa kifi da kaska, tun da wannan mujalla ta nazarin harsuna ce. Amsar ita ce, kaso mai yawa na bayanan da ake tarawa a kwamfuta sunaye ne da kalmomi, kuma babu sunan da ba shi da harshe. Za a dubi abin da littafin ya koyar, sannan a nuna giɓin da ya bari dangane da harshe.

2.0 Abin da Littafin ya Ƙunsa

Marubutan sun kasa tarihin amfani da kwamfuta a ma'aikatu zuwa zango uku. A zangon farko, daga shekarun 1960, an yi amfani da ita don sauƙaƙa ayyuka irin su lissafin albashi. A na biyu, daga shekarun 1970, ta zama hanyar samar wa shugabanni rahotannin da za su yanke shawara da su. A na uku, daga shekarun 1980, ta zama makamin gasa tsakanin kamfanoni.

Ƙashin bayan littafin shi ne bambancewa tsakanin tambayoyi biyu, kamar yadda Michael Earl ya yi a 1989. Ta farko: waɗanne bayanai ma'aikata take bukata don cimma burinta? Ta biyu: da waɗanne na'urori da manhajoji za a samar da su? Marubutan sun nace a kan cewa ta farko ce ke jan ragamar ta biyu. Bugu da ƙari, sun faɗaɗa jadawalin da McFarlan ya kawo a 1984, inda suka raba manhajojin ma'aikata gida huɗu:

(a) waɗanda nasarar gobe ta dogara a kansu;
(b) waɗanda ake gwadawa, ana kyautata zaton za su yi amfani;
(c) waɗanda aikin yau da kullum ya rataya a wuyansu;
(d) mataimaka, masu amfani amma ba dole ba.

Ko shakka babu, wannan koyarwa tana da ƙima. Ma'aikatar da ta sayi na'urori kafin ta san abin da za ta yi da su ta yi asarar kuɗi, kuma littafin ya yi bayanin dalilin haka dalla-dalla.

3.0 Giɓin Harshe

Duk da cewa littafin ya keɓe babi guda ga kula da bayanai a matsayin dukiyar ma'aikata, bai keɓe wa harshen da aka rubuta bayanan da shi irin wannan wuri ba. Ba abin mamaki ba ne, domin yawancin misalansa daga kamfanonin Turai da Amurka aka ɗauko su. Tsarin haruffan kwamfuta na ASCII, wanda aka fara fitarwa a 1963, gurbi 128 kawai gare shi, kuma ya wadatar da Ingilishi. Saboda haka ga mai Ingilishi batun harafi ba tambaya ba ce. Ga mai Hausa kuwa tambaya ce babba, kamar yadda waɗannan misalai suka nuna:

baki / baƙi
kafa / ƙafa
daka / ɗaka
bari / ɓari

Idan rumbun bayanai bai karɓi harafi mai lanƙwasa ba, kowane tagwai a nan ya koma kalma ɗaya. Abin lura shi ne, wannan asara ba ta da gyara daga baya. Mai "baƙi" a ajiye yana iya cire lanƙwasa duk lokacin da ya so, amma wanda ya ajiye "baki" ba zai san wace kalma aka nufa ba sai ya koma ga asalin takardar. Haka abin yake ga sunan gari irin su Ƙanƙara, da sunan mutum irin su Ɗanladi.

Matsala ta biyu ita ce alhamza. Sunaye irin su Sa'idu da A'isha da 'Yar'aduwa suna ɗauke da ita, alhali manhajar da aka gina a kan Ingilishi tana iya ɗaukarta a matsayin alamar rubutu, ta ƙi ta ko ta share ta. Sannan sautin da ake rubutawa da 'y a Nijeriya, da ƴ ake rubuta shi a Nijar, don haka mai neman kalma ɗaya a rubutun ƙasashen biyu sai ya nema sau biyu. Ba Hausa kaɗai abin ya shafa ba. Yarbanci yana da ẹ da ọ da ṣ, Ibo yana da ị da ọ da ụ, ga kuma alamun karin sauti a samansu.

Illar wannan ta wuce batun ƙa'idar rubutu. Tun da aka ƙaddamar da lambar tantance masu asusun banki ta BVN a 2014, ga kuma lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, daidaituwar suna a rumbuna daban-daban ta zama sharaɗin samun hidima. Wanda aka rubuta shi Sa'idu a nan, Saidu a can, na'ura tana iya ɗaukarsa mutum biyu.

4.0 Inda Jadawalin ya Gaza

Wani zai ce ai matsala ce ta fasaha, injiniya zai warware ta. Wannan magana ba ta da ƙarfi, domin tsarin Yunikod ya tanadi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ tun fitowarsa ta farko a 1991. Kafin nan ma, a shekarun 1980, Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta ɗauki nauyin samar da haruffan buga harsunan Nijeriya na bai-ɗaya. Ke nan kayan aiki suna nan. Abin da ya rage shi ne a nemi a yi amfani da su, kuma neman yana cikin tambayar farko ta Earl ne, wato ta bukata, ba ta na'ura ba.

A nan ne jadawalin gida huɗu ya gaza. Yana auna kowace manhaja ita kaɗai gwargwadon amfaninta ga kasuwanci, shi kuwa harshe ba manhaja ba ne. Harsashi ne da duk gidajen huɗu suke zaune a kansa. Wanda ya bi jadawalin ido rufe zai jefa batun harshe cikin mataimaka, a ɗage shi sai an sami rarar kuɗi. Hausawa kuwa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Haka kuma ma'aunin riba bai dace da hukumar gwamnati ba. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya amince a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarbanci, baya ga Ingilishi, idan an yi tanadin da ya kamata. A wannan zamani babu yadda tanadin zai cika matuƙar rumbun da ke ajiye dokoki da muhawarori bai iya ɗaukar haruffan harsunan ba.

5.0 Nauyin da ke Kan Masana Harshe

Adalci shi ne kada a ɗora wa marubutan laifi duka, tun da ba don Nijeriya suka rubuta ba. Hasali ma sun jaddada a tuntuɓi duk masu ruwa da tsaki kafin a zana shiri, wanda hakan ƙofa ce a buɗe ga masana harshe. Sai dai ƙoƙarin masanan ya fi karkata ga ƙirƙirar kalmomi, kamar yadda aka gani a Hausa Metalanguage na 1990 da ƙamusun kalmomin majalisa na harsuna huɗu da hukumar NERDC ta fitar a 1991. Aiki ne mai kyau, amma kalma ba ta amfani idan na'ura ba za ta ajiye ta daidai ba. Ya kamata duk shirin sarrafa bayanai ya amsa tambayoyi uku tun a matakin bukata: waɗanne haruffa rumbun zai karɓa, da wace ƙa'ida za a rubuta sunaye, kuma ta yaya za a jera su a kuma neme su.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa littafin Ward da Peppard ya yi daidai da ya gabatar da bukata a kan na'ura, amma bai lissafa harshe cikin bukatun ba. Mai koyon wannan fanni a Nijeriya zai amfana da shi matuƙa, muddin ya cike wannan giɓi. Su kuma sassan nazarin harsunan Nijeriya, ya dace su nemi kujera a kwamitocin da ke tsara bayanai, su fara da na jami'o'insu, inda sunayen ɗalibai suke shiga rumbu a kowace shekara.